Ɗigon Farko na Saudatu

A zuriyar Alhaji Ari Mai Turare ba a taɓa haifar namiji mai tsoro ba. Wannan sanannen abu ne a Zangon Barebari, kuma duk wanda bai sani ba zai iya zuwa zauren Malam Lawal bayan la'asar a sanar da shi kyauta. Kakansu ya taso daga Borno da jakai da kayan ƙamshi, ya ratsa dajin da 'yan fashi kansu ba sa yarda su kwana. Alhaji Ari an cire masa haƙori a bakin rumfarsa ta kasuwar Kurmi yana tsakiyar ciniki, kuma bai yi wa mai sayen ragi ba. Ɗansa Malam Lawal, wanda ya gaji rumfar tare da labarin, ya taɓa kashe kunama da tafin hannu a gaban shaidu.

Alhaji Ari dai ya rasu ba ya gani. A gidan ana cewa yawan karatu ne ya cinye masa ido, domin hakan ya fi daɗin faɗa.

Da Malam Lawal ya haura sittin sai kwalaben turaren da ke gefen hagunsa suka fara faɗuwa da kansu. Mutane suka koyi fitowa daga inda babu kowa su yi masa sallama. Ranar da wani adaidaita sahu ya goge masa hannun riga a Jakara, ya rantse cewa daga ƙasa abin ya tsiro, sai autarsa Bahijja, malamar sakandare da ke aure a Gwammaja, ta zo ta ɗauke shi zuwa asibitin ido ba tare da ta nemi ra'ayinsa ba.

Likitan ya ce hawan jinin ido ne, ko da yake ba jini ba ne, ruwan cikin idon ne ke taruwa yana danne jijiyar gani, yana cinye ta daga gefe zuwa tsakiya. Abin da ya tafi ya tafi. Abin da ya rage kuwa ana iya riƙe shi da ɗigo ɗaya a kowane ido, safe da yamma, har ƙarshen rayuwa.

"Baba, kana da asma? Ko an taɓa ce maka zuciyarka na bugawa a hankali?"

Malam Lawal ya dubi likitan kamar an tambaye shi ko ya taɓa sata.

"Ɗana, wannan ƙirjin shekara arba'in yana shaƙar turare, bai taɓa yin tari ba."

"Madalla. To maganin nan naka ne kai kaɗai. Ba a ba wa kowa, ba a ajiye shi inda yaro zai kai. In ka ɗiga, ka rufe ido ka danne gefen da ke kusa da hanci na ɗan lokaci."

Malam Lawal ya gyaɗa kai irin na wanda ake karanta wa abin da ya haddace tun yana yaro. Babu wanda ya tambayi ƙirjin matarsa, domin ba ita aka kawo ba.

Da yamma ya zauna a kan darduma a tsakar gida, ya cire hula, ya ɗaga kai sama, ya kawo kwalbar. Tana kusantar idon, idon ya rufe, kan ya kauce. Ɗigon farko gemu ya samu. Na biyu ya tafi kunne. Malam Lawal ya bayyana cewa hasken bai isa ba, sannan masu yin kwalbar da idon mutanen ƙasarsu suka auna bakinta.

Matarsa Hajiya Saudatu tana gefe tana juya haɗin turaren wuta a tukunya. Sana'arta ke nan tun tana amarya: shi ya kawo sandal da hawi da farce daga rumfa, ita ta haɗa, amaren unguwa su yi layi. Ta raini 'ya'ya bakwai, kuma babu ɗayansu da ya taɓa shan magani sai ta fara shan cokalin farko a gabansa ta ce, "Ka gani, ba komai." Ta sha maganin tari ba ta tari. Ta sha na tsutsar ciki fiye da duk wanda tsutsa ta taɓa damu a gidan. Don haka da ta ga yadda fatar idon mijinta ke rawa, ba ta buƙaci a yi mata fassara ba.

Ta sauke tukunyar ta goge hannu.

"Malam, kawo in gani. Kayan zamanin nan ba a yarda da su haka kawai. Wa ya sani ko jabu ne? Bari in gwada tukuna."

Ta ɗaga kai, ta ɗiga a idonta, ta ƙifta. Ƙwalla ta gangaro mata.

"Sanyi ma gare shi. Mai kyau ne. Kwanta."

Ya kwanta ya ɗora kai a cinyarta, yana kallon jiƙaƙƙen idonta, nasa ya tsaya a buɗe. Ɗigo, ɗigo, an gama. Ya tashi ya mayar da hula.

"Haka ake yi wa manya a Borno," in ji shi. "Ba a kai musu abu sai an ɗanɗana."

"Haka ne, Malam."

Washegari da safe ta so ta wuce kai tsaye. Idon ya rufe kamar rumfa ranar Sallah.

"Yau ba za a gwada ba?"

"Ai kwalbar jiya ce."

"Saude, kin san zafin garin nan. Madara ma ba ta kwana."

Ta ɗiga a nata. Nasa ya buɗe. Daga nan abin ya shiga cikin dokokin gida, tsakanin shayin safe da neman tsintsiya.

Saudatu ta yi asma tana budurwa. Bayan haihuwarta ta biyu ciwon ya yi ƙaura, sai dai ya leƙo da damina ya gaisa ya koma. Akwai inhela, abin fesa maganin asma a baki, a ƙasan akwatinta da takan manta da ita har ta lalace a sake saye. Wannan karon ciwon ya zo da kayansa. Takan ɗiga maganin, ta ji ɗaci ya sauko mata maƙogwaro, kafin ta gama wanke kofunan shayi sai ta ji kamar an ɗaure mata ƙirji da ɗankwali ana ja a hankali.

Ba wawiya ba ce. Matar da ke gane an rage farce a haɗin turare da shaƙa ɗaya ba za ta kasa haɗa ɗigo da shaƙewa ba. Wata safiya ta gwada dabara, ta ɗaga kwalbar a kan idonta ba ta matsa ba, ta ƙifta da ƙarfi. Amma ciwon Malam gefe yake ci, tsakiyar ganinsa garau take.

"Ban ga ƙwalla ba."

"Ta shige ciki."

Ya kau da kai. Sannan ya tuna cewa akwai wani baƙo daga Agadas da ke jiransa a rumfa, ya sa takalmi ya fita ba ɗigo. Da yamma ma wani uzurin ya taso.

Ranar ta wuni tana tuna surukinta Alhaji Ari. Ita ce amaryar gidan a shekarunsa na ƙarshe. Ita ke kama hannunsa ta ɗora a bakin kwano, ita ke faɗa masa cewa hadari ya haɗo. Mutumin da aka cire wa haƙori yana ciniki yakan riƙe gefen mayafinta in zai tsallake kwatar tsakar gida, ya ce, "Yarinya, kada ki yi sauri." Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Washegari ta matsa kwalbar sosai, ƙwalla ta zubo, Malam ya kwanta.

Bahijja ta zo wata Asabar, tun daga soro ta ji numfashin uwarta.

"Umma, kyanwa kika haɗiye?"

"Ke dai ba ki da kunya. Damina ce."

"Wace damina? Wannan ne!" Ta nuna kaskon turaren da ke hayaƙi a bakin ƙofar ɗaki. Tsohon kasko ne baƙi, na mahaifiyar Saudatu, wanda ya zo cikin kayan aurenta. "Kina da asma kina zaune cikin hayaƙi kamar mai gasa kifi."

"Shekara nawa nake zaune a cikinsa? A cikinsa aka haife ki, shi ya sa ma kika samu miji."

"Baba, ka yi mata magana."

Malam Lawal ya ce lallai mata ba sa jin shawarar lafiya. Bahijja ta kashe garwashin, ta naɗe tsohuwar dardumar falo, ta kori kyanwar maƙwabta da ba ta san laifinta ba. Kafin ta tafi ta girgiza kwalbar maganin idon.

"Har ta kusa ƙarewa? Ai likita ya ce za ta kai wata."

"Kamfanonin yanzu," in ji Malam Lawal. "Rabi magani, rabi iska."

Saudatu ta tashi ta shiga kicin.

An ɗauke kasko, ƙirji bai saki ba. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ta ɗiga nata, ta ɗiga nasa, ta ƙulle kwalbar a gefen mayafinta kamar kullum saboda jikoki. Ta miƙe za ta ɗauki buta sai ta koma ta zauna. Ta fesa inhela, ta sake fesawa, ta kuma. Iskar ta ƙi shiga. Ta ce "Mal—" sauran sunan ya tsaya a hanya. Leɓɓanta suka yi duhu.

Ranar ce mutanen unguwa suka fara ganin tsakiyar kan Malam Lawal. Ya fito lungu ba hula ba takalmi, yana kiran maƙwabcinsa Alhaji Mikail da wata murya da ba a san yana da ita ba. Adaidaita ba ya shiga lungunsu, sai da mata suka tallafo ta har bakin titi, shi yana biye yana taka ruwan kwata yana cewa, "A hankali, a hankali, ku yi sauri."

A asibiti aka sa mata abin shaƙar iska a fuska, aka yi allurai, aka daɗe. Bahijja ta baro aji ta zo da alli a hannun riga. Sai wajen azahar numfashin ya fara zama na mutane.

Likitar wata matashiya ce, Dakta Aminat, mai Hausar da aka koya a makaranta aka gyara a kasuwa. Ta tsaya tana riƙe da wuyan hannun Saudatu, fuskarta ba ta gamsu ba.

"Akwai abin da bai yi mini ba. Mai asma da ya sha wannan wahala, ya sha wannan magani, zuciyarsa gudu take yi. Ta Hajiya tafiyar ƙasaita take. Tana shan maganin hawan jini?"

"Ba ta sha," in ji Bahijja.

"Wani a gidan fa? Ko ta ɗauki na wani bisa kuskure?"

"Babu. Baba ne kawai ke da maganin ido."

Wata nas da ke naɗe mayafin Saudatu ta kwance ƙullin gefensa ta miƙo kwalbar. Dakta Aminat ta karanta jikinta, ta ɗago.

"Timolol. Na wa ne?"

"Nawa ne," in ji Malam Lawal.

"Baba, ga wanda aka rubuta wa, wannan magani ne mai kyau, shi ke riƙe maka gani. Amma ba a ido kaɗai yake tsayawa ba. Akwai 'yar hanya daga gefen ido zuwa hanci da maƙogwaro, daga nan sai jini. Yana rage gudun zuciya, yana tsuke hanyar iska. Mai asma ɗigo ɗaya na iya kai shi inda ba a dawowa, kuma ya hana inhelar aiki yadda ya kamata."

Malam Lawal ya san wannan hanyar. Duk azumi sai ya yi bayaninta a zaure, cewa kwallin da aka sa da rana in ɗanɗanonsa ya kai maƙogwaro to a sake lissafi. Ya kai shekara talatin yana koyar da ita. Bai taɓa tunanin tana iya karya wani abu ban da azumi ba.

Likitar ta sunkuya. "Hajiya, kina ɗiga wannan a idonki?"



Adalci ya sa a faɗa cewa Malam Lawal ya buɗe baki. Ya gyara tsayuwa a cikin silifas ɗin aro, ya ce, "Likita, ai gaskiyar maganar, ni ne—"

Saudatu ta janye abin daga fuskarta.

"Idona ke ƙaiƙayi," ta ce, kalma ɗaya numfashi ɗaya. "In ya fita kasuwa nake ɗiba. Bai sani ba."

"Umma!" Bahijja ta dafe kai. "Maganin mutum? Gishiri ne da za a ce sam mini? Yau da kin tafi me za mu ce wa mutane, ƙaiƙayi?"

Dakta Aminat ta yi nata faɗan cikin ladabi, wanda ya fi zafi. Ta ce kullum suna fama da iyaye mata a kan wannan, a raba maganin ido a gida kamar goro. Saudatu ta saurara da kai a ƙasa, tana cewa "To" a duk inda ake buƙatar to.

"Baba, ka ji abin da take yi a bayan idonka?" in ji Bahijja.

Malam Lawal yana kallon bango. "Na ji."

Likitar za ta wuce, Saudatu ta riƙo rigarta.

"'Yata, in tambaye ki. In mutum idonsa na rufewa da kansa in an kawo magani. Wani jikana ne. Yaya ake yi?"

Dakta Aminat ta dube ta. Ta dubi tsohon da ke nazarin bango. Abin da ta karanta a makaranta bai hana ta gane abin da ke gabanta ba.

"Ba wuya. Ya kwanta rigingine ya rufe idon abinsa. Ki ɗiga a kwarmin da ke kusa da hanci, in ya buɗe zai gangara ciki da kansa. Sai ya sake rufewa ya danne wurin da yatsa. Ki goge abin da ya zubo, ki wanke hannu da sabulu nan take, kada ki taɓa fuskarki kafin nan. Ba sai kowa ya gwada masa ba." Ta ɗan tsaya. "Ki gaishe da jikan."

Bayan la'asar Bahijja ta tafi kawo abinci. Malam Lawal ya ja labule ya zauna a bakin gadon. Ya daɗe yana juya hular da Alhaji Mikail ya kawo masa.

"Saude, me ya sa?"

"Ka ɗiga na yamma?"

"Ina tambayarki."

"Ni ma ina tambayarka. Miƙo kwalbar. Kawo kanka nan."

Ya zame ƙasa ya jingina da gadon, ya kwantar da kai baya a kan katifar kusa da cinyarta, ya rufe ido. Ya ji sanyin ɗigon ya zauna a kwarmin. Hannunsa ya laluba ya kama wuyan hannunta, wanda aka manna wa allura.

"Buɗe."

Bai buɗe ba. Fatar idon na rawa.

"Tsoro nake ji, Saude," ya ce, ƙasa ƙasa, yadda ko labulen ba zai ji ba.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kunamar. Matacciya ce, ni na kashe ta da muciya tun da safe."

Dariya ta kama shi, idon ya buɗe, ɗigon ya shige. Ya jira azaba, ba ta zo ba. Ta yi masa ɗayan. Ta kama yatsunsa ta ɗora a gefen hancinsa ta ce ya danne, ta goge masa kunci da auduga, sannan ta kira nas ta roƙi ruwa da sabulu.

"Zan faɗa wa Bahijja," in ji shi, ido a rufe.

"Ka faɗa mata ta yi me da shi? Ta riga ta yi faɗanta, ta huce. Kada ka sa yarinya ta yi biyu."

Da aka sallame ta labarin ya riga ta isa gida. Matan da suka zo dubiya kowacce ta zo da lemo da nasiha. Har wadda ke ɗura wa jikokinta ragowar maganin bara ta ce ita kam ba ta taɓa jin irin wannan ganganci ba. Wata ta tambaya ko gaskiya ne shan maganin ta yi da cokali. Saudatu ta ce sharrin Shaiɗan ne, ta gode, Allah ya bar zumunci.

Likita ta ce ƙirjin ya sha wuya, zai daɗe yana fushi, don haka babu hayaƙi ko na turare, babu tsayawa kan tukunyar haɗi. Amaren unguwa suka koma wajen wata mata a Ƙofar Na'isa da ke cika sukari. Gidan da aka san shi da ƙamshi tun daga bakin lungu ya koma warin sabulu da daddawa kamar gidan kowa. Malam Lawal ya ɗauki sabuwar ɗabi'a ta dawowa da wuri, yana cire rigar kasuwa a soro ya rataye kafin ya shigo, kada ƙamshin rumfa ya bi shi ciki. Ya ce zafi ne ya sa.

Ranar Juma'a bayan la'asar zaure ya cika. Tana jiyo su daga tsakar gida. Alhaji Mikail, wanda shi ma aka rubuta masa maganin ido kwanan nan, yana ba da labarin wahalarsa.

"Wallahi Malam, kwalbar na zuwa idona ke rufewa. Rabin maganin a gemu yake ƙarewa. Kai yaya kake yi?"



"Ka kwanta ka rufe idon, a ɗiga maka a gefe," in ji Malam Lawal. "Kuma kada ka bari kowa a gidanka ya taɓa shi, ko da wasa. Ka tambayi iyalinka ko akwai mai asma." Ya gyara murya. "Ni dai ka san ba ni da wannan matsalar. A zuriyarmu ba a taɓa haifar mai tsoro ba."

"Wannan haka yake," in ji zauren.

Saudatu ta ɗauraye hannunta ta yarfe. Bahijja na tsaye da jaka a kafaɗa tana jiran abin da aka ce ta tsaya ta karɓa. Uwar ta shiga ɗaki ta fito da baƙin kaskon, ta zazzage tsohuwar tokar, ta goge bakinsa da gefen zani. Ta kai shi hanci ta shaƙa sau ɗaya, a hankali, iya abin da ƙirjin ya yarda. Sannan ta naɗe shi a tsohon ɗankwali.

"Kada ki cika masa garwashi, ba ya so," ta ce. "Ki bi ta gefe, akwai mutane a zaure."